Hanyar Bayan Gidanmu

Yaya Judith,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Mama? Yaya shagonki a Kakuri? Ni lafiya lau a nan ƙasar waje, sai dai sanyi, ga duwatsun garin nan suna tare rana tun la'asar.

Ana koya mana yadda ake hawa dutse da 'yan yawon buɗe ido, a sauko da su lafiya. Makon jiya malaminmu ya ce kowa ya zana hanyar da zai bi da baƙi a ƙasarsu. Na zana ta bayan gidanmu na ƙauye, har kogon da muka ɓuya ranar da aka ƙone garin. Ita kaɗai na sani. Ya yaba, har yana tambayar yaushe zan kai baƙi can.

Ki ce wa Mama na ci jarrabawa, sauran ki bar shi a cikinki. In an samu mai zuwa, ki aiko mini da yaji.

A nan suna cewa jagoran kirki shi ke tsayawa baya sai kowa ya wuce. Tun da na ji haka, Baba nake gani a bakin rafi ranar da muka gudu, yana cewa, "Ku yi gaba, ina zuwa."

Allah ya tsare mini ku.

Ƙanwarki,
Vicky