Giwar Tsoho Liang

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Bakina ya ja min. A gidan abincin Abibata, nan ƙasar Sinawa, na ce ni na ɗauki kofin wasan ces, wato darar Turawa, na makarantun Kano a zamaninmu. Kuma gaskiya ne. Abdoulaziz, ɗan Maraɗin nan mai kayan babur, ya ce, "To Champion, ga wani tsoho can ƙarƙashin gadar Xiaobei yana darar Sinawa." Na rantse da Allah ba zan ƙara cin tuwon Abibata ba sai na cinye tsohon nan. Ni da furfurata!

Laraba, 9 ga Oktoba
Darar tasu har da kogi a tsakiyar allo, 'ya'yan darar kuma akwai giwa da doki da igwa da soja. Na tura giwata ta ƙetare, tsohon ya buge min hannu: "Meiyo!" Wato babu. Kalmar da nake sha a shaguna shekara da shekaru, yau ta biyo ni wurin wasa. Wai giwa ba ta ƙetare kogi. Ya gama da ni shayinsa bai huce ba.

Asabar, 19 ga Oktoba
Taliya. Kullum taliya.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Sunansa Liang. 'Yarsa da ke zuwa ɗaukarsa tana jin Turanci. Ta ce a zamaninsa gari-gari ake kai shi gasa, yakan juya wa mutum goma baya ya cinye su bai kalli allo ba. Sau biyu yana faɗuwa a wasan ƙarshe na babbar gasa, daga nan bai sake shiga ba. Yanzu sunan 'yar tasa ma ɓace masa yake. Ashe mai mantuwa ne ke lallasa ni kullum. Amma a faɗi gaskiya, yadda yake tafi da doki ban taɓa gani ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Bayan masallaci Abdoulaziz ya kwaso 'yan kallo, yana ta ƙanshin miyar kuka, mugu. Yau na matse tsohon, saura ƙiris. Sai ya ɗauki giwarsa ya ƙetarar da ita kogi ya cinye min igwa. Tsofaffin da ke kewaye suka kalli juna. Duk sun gani. Namu kuwa ba wanda ya san dokar.

"Meiyo" ta zo min har leɓe. Kalma ɗaya, in ci wasa, in ci tuwo. Sai ya ɗago yana murmushi kamar wanda aka miƙa wa kofi.

Na tura soja. Ya cinye ni.

"Champion, ça va?" in ji Abdoulaziz da Faransancinsa, wai ko lafiya. Na ce ya rabu da ni.

Litinin, 18 ga Nuwamba
Na yi kaffarar rantsuwa, na ciyar da mutum goma wurin Abibata. Abdoulaziz ya ce a sa shi cikin miskinai, wai kwantenarsa ta maƙale a tashar jirgin ruwa ta Nansha. Na ci tuwo har gumi.

Gobe zan leƙa gadar. Ba don komai ba, an ce tsofaffin sun ajiye min kujera. Ga dabino ma ya yi min yawa a ɗaki, gara in tafi wa tsohon da shi.