Gansakukar Fadamar Fagada

Daren Laraba, watan Rajab, Jega

Barci ya ƙi zuwa. Yau na je fadamarmu ta Fagada neman inda za mu gina rijiyar ban ruwan albasa. Tun ina yaro, da gansakuka Baba ke zaɓen wuri. Iri biyu ce: ɗaya ragowar damina ce kawai, ɗayar kuwa ba ta fitowa sai inda ruwa ke kusa a ƙasa. Ni da duk karatuna na aikin gona na tsuguna har azahar, na kasa bambanta su.

Na ɗebo daga wurare daban-daban a ganye na kawo masa ɗaki, ko da yake tun bara hankalinsa ke tafiya yana dawowa. Ya murza, ya shinshina, ya matse ɗaya har ta ɗiga. Sai fuskarsa ta washe.

"Wagga ta. Ku gina inda kunka ɗebo ta, zurfin gaba biyu za ku iske ruwa."

Daɗi ya kama ni. Na ce, "Baba, koya mini yadda kake gane ta."

Ya dube ni da fara'ar da yake yi wa baƙi.

"Yi haƙuri, Malam, ɗana nika aje ma wannan. In kun gamu, ka ce mashi ya zo da wuri."

Na ce to, zan gaya masa.