Tun da aka ce mijina na da ciwon hanta na ware masa kofi

Anti Adama, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Mijina manomin shinkafa ne a wajen Bunkure. Watan jiya injin ban-ruwa ya yanke shi a ƙafa, ya zubar da jini sosai, aka kwantar da shi asibiti. Ƙanensa Fatihu ya je ba da jini, aka ce nasa ba zai yiwu ba, yana da ciwon hanta nau'in B. Aka gwada maigidan, shi ma haka. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce in kwantar da hankalina, wai sukan ga irinsa da yawa a masu zuwa da wata lalurar daban. Maganar nan ta ƙara tsinka min zuciya, na dinga kallon gadajen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin wa da wa ke ɗauke da shi.

Yayansu ya rasu shekarun baya, ciki a kumbure, ido ya yi ɗorawa, muka ce sammu ne. Ni kuma ga tsohon ciki. An ce in yi gwaji, na kasa. Tun da muka dawo gida na ware masa kofi da kwano. Shi kuma ya daina kallona in na kawo abinci.

Mai Fargaba, Bunkure

Ƙanwata, tsoronki na da dalili. Ciwon ya yawaita, kuma yakan daɗe a jiki shiru, har sai an gwada jini. Amma da yawa masu ɗauke da shi suna tsufa lafiya in likita na bibiyarsu.

Ki je gwajin nan cikin makon nan. In ba ki da shi, akwai rigakafi. In kina da shi, likita zai duba ko kina buƙatar magani kafin haihuwa. Ko ya ya sakamakon ya fito, ki haihu a asibiti, a yi wa jariri allurar rigakafi a ranar da ya zo duniya.

Ta jini, saduwar aure da haihuwa ake ɗauka, ba ta kofi ko kwano ba. Reza, askar wanzami da buroshin haƙori su ne abin warewa. Maigida ya koma a duba hantarsa, ya guji jiƙe-jiƙe, sauran 'yan uwansa ma su gwada.

Shi ma a tsorace yake, ga ciwon ƙafa, ga tunanin yayansa. Yau ki zuba abinci a kwano ɗaya ku ci tare. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sauke ki lafiya.

Anti Adama