Abin da ke Cikin Akwatin Takardu

Rouen, Afrilu 1842

Zuwa ga 'yata Dorcas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mahaifiyarki da ciwon ƙafarta? Ni lafiya lau, ina haƙa wa Faransawa hanyar jirgin ƙasa. Bayana ne kawai ke zagina safe da yamma.

Na ji ranar Talata kawunki Enoch, wanda kakanki ya damƙa wa amanar gonarki, zai buɗe akwatin takardu a gaban dangin saurayinki, don ya nuna musu takardun gonar. 'Yata, ki hana shi. Takardun gonar suna hannun wani mai ba da rance a Skipton. Ni na jinginar da su, tun shekarar da Enoch ya ba ni ajiyar mabuɗi. Don kada akwatin ya yi sakayau, na cika shi da tsofaffin littattafan waƙoƙin coci. Da na rufe har cewa na yi, "Jethro, ashe kana da kai!"

Ga fam biyu, a fara fansar takardun. Ki gaya wa saurayin gaskiya kafin Talata. In ya tsaya bai gudu ba, ya fi ubanki.

Ki aiko min da safa, in har za ki iya saƙa wa ɓarawo.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Jethro