Baba da Mama da Auta Suna Zawo

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Auta, ya kuma zaman asibiti? Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Na ba ƙaninki direba kayanku da wannan takarda. Kin san ni da waya, da na ji muryarki sai maganar ta gudu, shi ya sa na ɗauki biro.

Labarin ba daɗi. Mota ta take kyanwar Auta a bakin titi, ta bar mini 'ya'ya uku da ko tafiya ba su gama iyawa ba. Ni da nake jifan uwarsu da takalmi in ta hau teburin yankan yadi, yau ni ne mai reno. Kin tuna Auta ta raɗa musu suna kafin ku tafi: mai ƙaton ciki shi ne Baba, mai yakushi Mama, 'yar mitsitsiyar mai farin goshi kuma ta ba ta sunanta. Na Baba dai ƙage ne. Na Mama kuwa ban ce komai ba.

Na dama musu madarar gari irin ta shayinmu, na yi ta da kauri don su ƙoshi. Ashe garin neman gira zan rasa ido. Washegari duk ukun suka ɓarke da zawo, ruwa-ruwa, ga wari. Yanzu da su nake zuwa shago cikin kwali, in tura su ƙarƙashin keken ɗinki. Jiya ina cikin auna wani mutum na leƙa na ce Mama ta sake yi a kwance. Bawan Allah ya yi mini jaje, har da addu'a.

Ki faɗa wa Auta alkawarin da na yi mata a bakin mota yana nan: za ta dawo ta tarar da takwararta. Maganar uwar kuwa ki bari sai ta ji sauƙi.

Ki gaishe ta, ki shafa mini kanta.

Mijinki,
Baban Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Ya ƙarfin jikin yarinyar? Ke kuma kina samun barci kuwa?

Na kai su wurin likitan dabbobi. Ya ce madarar da muke sha cikin ɗan kyanwa ba ya ɗaukarta. Ya ba ni tasu ta musamman, da ruwan gishiri da sukari, da sirinji marar allura, ya ce in riƙa ɗiga musu kaɗan-kaɗan. Ya koya mini in ɗaga fatar wuyansu in saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya a tsaye, ruwan jiki ya ƙare. Ta Baba ta tsaya kamar kalmasar da aka danne da dutsen guga. Kafin mu iso gida ya mutu. Na so in yi miki barkwanci da wannan, abin ya ƙi.

Ƙyallayen shagon nan kaf sun ƙare a gogewa. Ina naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma in sa musu, in goge musu gindi da auduga, in wanke, in shanya, kafin in juya sun sake. Ɗinkin mutane ya taru, har wata ta kwashe atamfarta tana cewa tela ya koma unguwarzomar kyanwa. Ban musa ba.

Kin ce Auta ba ta yarda ta haɗiye magani sai an ce mata takwararta ta sha madara. Ina riƙe da abin da bai cika tafin hannuna ba, ina jin kamar 'yata nake wa ɗura. Kuma kin cika mini takarda da zancen tsadar abincin asibiti, ba ki faɗi abin da likita ya ce game da ƙodarta ba. Na san ki, in kin yawaita zancen abinci to akwai abin da kike ɓoyewa.

Allah ya sa mu ji alheri.

Mijinki,
Baban Auta

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ya kuke, ya mai jiki? Allah ya dubi halinmu.

Mama ta bi Baba. Na haƙa mata a bayan shago. Ƙaramar ta rage, na rufe shagon na zauna da ita. Likita ya yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ya ce in yi abin da zan iya, amma bai kalli idona ba. Zawon har da jini. In na ɗiga mata madara sai ta biyo gefen baki. Kukan ma ya daina fita, baki kawai take buɗewa.

Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya leƙo da safe ya tambaya ya jikin Auta, na rasa wacce yake nufi. Na ga in abin ya zo, da wannan sunan za a faɗe shi a gidana, da bakina. Wallahi ba zan iya ba.

Ki yi mini dariya in kin ga dama. Na ɗauke ta a tafin hannu, na sa bakina a kunnenta, na ce mata na karɓe sunan 'yata, daga yau ita Kyanwa ce kawai. Na kira maƙwabcin na maimaita a gabansa don ya zama shaida. Bai yi dariya ba.

Kyanwa ta mutu da rana. Kyanwa na ce, ki duba da kyau, haka na rubuta.

Alkawari ya karye, ban san da me za ki ba ta magani gobe ba. Kada ki tsaya neman takarda, ki kira ni, ko maganar ta gudu zan saurara. Ki kara mata wayar a kunne, in kira sunan in ji an amsa.

Mijinki,
Baban Auta