A Mayar Mini da Kujerata Kafin a Kwaso Mutanen Tsibiri

Zuwa ga Malam Shehu, tsohon Hedimasta, Shugaban Majalisar Kallo ta Gindin Ɗorawa, Kalgo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ni ne Alhaji Bello Mai Injin, haifaffen Gwandu, mazaunin Kalgo, mai injin casar shinkafa na bakin hanya. Na san ka san ni, amma tunda majalisarka ta nuna ta manta, gara in tuna mata. Na rubuto a fili ne, na kuma sa an liƙa kwafi a jikin ɗorawar, don sau biyu ina zuwa gidanka ana ce mini kana barci, alhali ina jin tarinka daga zaure.

Ranka shi daɗe, ka san duk Asabar bayan la'asar muke taruwa kallon wasan nan na talabijin, na mutanen da jirginsu ya nutse ruwa ya watsar da su wani tsibiri. Ka kuma san gardamar da ta raba majalisa: a cikinsu wane ne ya fi amfani in ana son a rayu? Sani Kafinta ya tsaya kan kafintan cikin wasan, ba mamaki. Masu son ciki suka bi kuku. Kai ka zaɓi malamar asibiti. Ni kaɗai na tsaya wa attajirin da muke kira Mai Akwati, wanda kuke cewa tun da aka fara wasan bai ɗauki ko tsinke ba. Na ce kafinta yana sassaƙa, kuku yana dafawa, amma duk abin da aka dafa sai an fara zuba wa Mai Akwati, kuma shi kaɗai ne bai rame ba. Wannan ita ce rayuwa. Aka yi mini dariya. Zuciya ta ɗebe ni na ce a kai ni tsibiri kwana uku, in ban fito da ƙiba ba a ɗauke mini kujera.

Majalisa ta amince. Na je, na dawo, kuma ga abin da nake ƙara a kai.

Na ɗaya. Na cika sharaɗi. An ce kada in tafi da komai sai tabarma, buta, wuƙa da ashana. Na roƙi a bar mini akwatina na ofis, aka buɗe shi gaban kowa, ba komai ciki sai biro da hular sanyi. Kafin in shiga kwalekwale aka ɗora ni a sikelin da nake auna shinkafa, kai da hannunka ka rubuta nauyin. Ranar da na dawo aka sake ɗora ni, na ƙaru da kilo biyu. Ni aji uku na tsaya a sakandare, amma na san wace lamba ta fi wata girma. Kai da ka koyar da lissafi shekara da shekaru ban san yadda aka yi wannan ya shige maka duhu ba.

Na biyu. Hukuncinku ya ce gwajin ya ɓaci saboda an kawo mini abinci. To, bari in faɗi yadda aka yi, tunda ba a bar ni na yi magana ba ranar.

Tsibirin da kuka zaɓa wani tudu ne a tsakiyar fadama, itacen giginya ɗaya gare shi da sauro marar adadi. Ɗanjuma masunci ya kai ni. Da zai juya sai ya tsaya yana kallona, ya ce shi tun da yake bai taɓa ajiye mutum a wuri hannu wofi ba, kuma ba da ni zai fara ba. Ya ajiye mini tarwaɗa biyu gasassu ya tafi. Na ƙwala masa kira, ya yi kamar ruwa ya toshe masa kunne.

Ba a yi azahar ba sai ga Inna Hajo, Bafillatanar da rugarsu ke ƙetare, ta tattare zane ta ratso ruwa da ƙwarya a ka. Ashe ta wancan ɓangaren ruwan bai wuce gwiwa ba, abin da majalisa ba ta bincika ba kafin ta kira wurin tsibiri. Labari ya kai mata wai matata ce ta kore ni. Na yi mata bayanin wasan talabijin tun daga nutsewar jirgi, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah shi kyauta, maza kan faɗi haka, in sha furar da ta kawo mini. Ranka shi daɗe, tsohuwa sa'ar uwata ta ratso ruwa da ƙafarta. In ce mata ta mayar? A wace makaranta ake koyar da wannan?

Kwana na biyu ya fi muni. Labari ya isa Gwandu cewa inji ya ƙone na zauce. Yayana ya taso daga Dodoru, can ƙasar Gwandu, da mota cike da dangi, da tuwon shinkafa da miyar sure, da wani malami da zai yi mini tofi. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin giginya. Masu wucewa a kwalekwale suka ga taro suka zaci suna ake yi, suka tsaya yin barka. Wasu kuma sun ji cewa halwa na shiga, suka zo neman addu'a. Na yi musu, don ba a hana addu'a. Sallar la'asar sahu uku muka yi. Har mai tsire ya zo ya kafa tukuba, ban kira shi ba, kuma ban kore shi ba, don ƙasar ba tawa ba ce.

Ina tambaya, a cikin wannan duka ina laifina? Ni na je ne in zauna ni kaɗai, mutanen ƙasar nan suka ƙi. Kuma wannan shi ne ainihin abin da na faɗa tun farko: mutumin da ya tara jama'a, ko tsakiyar teku ka jefa shi tuwo zai same shi. Na fara da tura baro a kasuwar Gwandu, babu wanda ya bar mini gado, kuma duk wanda ya ratso ruwan nan akwai ranar da na yi masa rana. Kafintan cikin wasan wata nawa yana haɗa jirgi yana nutsewa? Mai Akwati ko sau ɗaya bai nutse da shi ba, don bai taɓa shiga jirgin kafintan ba.

Na uku. Shaidar da kuka dogara da ita gurɓatacciya ce. Sani Kafinta kuka tura ya duba ni a kwana na uku, mutumin da kowa ya san abokin gardamata ne. Ya iso da littafi da biro, ya ajiye su, ya wanke hannu. Malmala uku ya ci, ya nemi ƙarin miya, ya yi barci a tabarmata har na riƙa kore masa ƙuda. Da zai tafi ya ƙunshe sauran tsire a hularsa. Sannan ya tsaya gabanku ya ce ya tarar da ni ina cin abinci. Ya faɗa muku a kwanon wa ya tarar da hannunsa?

Na huɗu, hukuncin kansa. An ɗauke kujerata daga sahun gaba an kai ta bayan gindin ɗorawa. Daga can rabin talabijin kawai ake gani, kuma rabin da teku yake. Asabar biyu ke nan ina kallon ruwa. Ina jin ana kuka, ina jin ana gudu, ban san wa ake bi ba. Da Mai Akwati ya buɗe akwatinsa, abin da muke jira tun farkon wasa, ni igiyar ruwa na gani, kuma kun haɗa baki ba wanda zai faɗa mini abin da ke ciki. Ba gori nake ba, amma batirin da ke kunna talabijin ɗin kowa ya san daga shagon wa yake fitowa. Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe, ranar da za a zo kwasar su. Ban yarda in ga jirgi ya iso in kasa ganin wanda ya fara shiga ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A mayar da kujerata inda take, hannun dama da taka. A rubuta a littafin majalisa cewa na ci gwaji da kilo biyu. A hana Sani Kafinta zama shaida a kowace magana da abinci ke ciki. Sunan Mai Akwati da ake kirana da shi har a masallaci kuwa, a bar shi, na karɓa.

Abu na ƙarshe, wanda na so in faɗa maka a zaure ka ƙi fitowa. A cikin kwanukan da aka kawo mini tsibiri akwai wata langa mai furanni, cike da dambun shinkafa da zogale, wanda ya fi duk abin da na ci a kwana ukun daɗi. Da na wanke ta na kifa, sai na ga alamar jan farce a gindinta, irin wadda mata ke yi don kada kwano ya ɓata a gidan biki. Sunan Hajiya Asabe ne, uwargidanka. Langar tana wurina. Ka san ba a mayar da kwano wofi, don haka na cika ta da sabuwar shinkafa ta farkon casa. Zan zo da ita ranar Asabar. In na tarar da kujerata a gaba, sai in miƙa maka a hankali ka kai gida, magana ta mutu. In kuwa tana bayan ɗorawa, zan kai wa Hajiya da kaina, in yi mata godiya, in kuma sanar da ita cewa majalisar da maigidanta ke shugabanta ta zauna ta yanke hukunci cewa dambunta laifi ne.

Allah shi ƙara maka girma da lafiya, shi ba ka ikon yin adalci kafin la'asar ɗin Asabar, shi bar ka da Hajiya lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Alhaji Bello Mai Injin, wanda ake kira Mai Akwati,
Kalgo.