Ban Taɓa Faɗin Sunan Ɗana Ba

Malam mai ba da shawara, don Allah ka taimake ni, na gaji da tunani. Mutan gida lafiya lau, ban da maigida da ƙafa ta kwantar tun girbi, da Badaru autana mai tari. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na shiga ajin manya.

Maganar ɗana na fari ce. Kamar kowace mace a Dakoro, ban taɓa faɗin sunansa ba. Da na yaye shi, yayar ubansa ta ɗauke shi zuwa Birnin Lalle, shi ya sa ake ce masa Ɗangoggo. Yanzu ya gama karatun likita a Faransa, zai dawo.

Ya aiko cewa a can har rana guda suka ware don uwa, ana kai mata furanni. Ya ga tsohuwa ta rungume ƙaton ɗanta a tashar jirgi tana kiran sunansa, shi kuwa ya tsaya ya rasa abin da zai tuna. Wai in tarbe shi a tasha in kira shi da baki. In na ƙi, ya san matsayinsa, zai nemi aiki a Yamai ya zauna.

Malam, a tasha, gaban masu goro? Ni da na sayar da akuyata na sai masa bargo, na ce goggonsa ce ta aiko. Ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta sunan. Ka amsa mini kafin Sallar Layya, lokacin zai iso.

Wata uwa, Dakoro

Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya. Kunyarki ba ƙiyayya ba ce, kowa a nan ya sani. Amma shi ba raini ya sa shi ba. Ya yi shekaru cikin baƙi, ya ga abin da bai samu ba, kuma duk alherinki da sunan wata ya iso masa.

Tasha ba dole ba ce, ki tura Badaru. In taron masu yi masa barka da zuwa ya watse, ki sa a kira miki shi ɗaki, ku biyu. Ki dama fura ki miƙa masa da hannunki, ki gaya masa wanda ya sayi bargon. In sunan ya fito, babu mai ji sai shi. In ya ƙi fita, ki faɗa masa cewa kin gwada. Kada dai ya bar ɗakin bai ji daga bakinki cewa kina so ya zauna ba.

Allah ya ba maigida da auta lafiya, ya kawo ɗanki lafiya.